Rancen Gida Ga Wanda Ya Yi Fashin Biyan Bashi: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙasar Haɗeja

 Maganar yau ta shafi mutumin da ke neman rance a banki don ya gina gida ko ya saya, ya jinginar da gidan har ya gama biya, alhali kuwa bai daɗe da yin fashin biyan wani bashi ba. Irin waɗannan mutane suna da yawa a ƙasar nan, galibinsu kuwa ba macuta ba ne, ambaliya ce ta karya su.

Ba sai an gaya wa mutumin Haɗeja halin kogi ba. A 2018, da 2020, da 2022 ruwa ya ci gonaki da gidaje a Auyo, da Kafin Hausa, da Kiri Kasamma, da Guri. In damina ta yi ƙarfi, madatsun Tiga da Challawa suka cika, ga kuma ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, to, sai kogi ya haura gaɓa. Kusan kowane ma'aikaci a nan manomi ne. Ya kan ci bashin banki ya zuba a shinkafar fadama, in ruwa ya shafe ta sai ya yi wata biyu ko uku bai biya ba. Bayan shekara guda ya je neman rancen gida, sai ya tarar labarinsa ya riga shi isa.

YADDA A KE RUBUTA FASHIN BIYA

A dā, mai ba da bashi mai unguwa ya kan tambaya halin mutum. Yanzu rijista a ke tambaya. Babban Bankin Nijeriya ya ba kamfanoni uku izinin ajiye labarin masu bashi, watau CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry, kuma akwai dokar da ta tsara aikinsu tun 2017. Bankuna su kan aika musu da labarin kowane rance: nawa aka karɓa, nawa ya rage, kwana nawa aka yi ba a biya ba. Har ƙananan rancen da a ke karɓa ta wayar hannu, da yawa daga cikinsu suna shiga. Tun da aka fito da lambar BVN a 2014, mutum ɗaya lamba ɗaya gare shi a dukan bankuna, saboda haka sauya banki, ko tafiya Kano ko Dutse, ba ya ɓoye kome. An kuma umurci bankuna su nemi rahoto daga kamfanoni biyu aƙalla kafin su ba da rance.

Abu uku ya kamata a riƙe. Na farko, bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba, a kan fitar da shi daga cikin masu lafiya, tabonsa kuwa ya fi na fashin wata guda nauyi ƙwarai. Na biyu, doka ta ce a ajiye labarin shekara shida aƙalla, biya ba ya goge shi, sai dai a rubuta an biya. Na uku, rijista ba ta rubuta dalili. Wanda ruwa ya ci gonarsa da wanda ya ɓatar da kuɗin a wajen biki, kamanninsu ɗaya a takarda. Bayyana dalili aikin mai nema ne, nan kuwa Hakimai ke shigowa.

ABIN DA BANKI KE DUBAWA

Hanyar rancen gida mafi sauƙi ga ma'aikaci ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi. A kan cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa kowane wata, sai ya yi wata shida yana zubawa sa'an nan ya iya nema. Kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 ne a shekara, a kan iya biya har shekara 30, amma abin da za a riƙa cirewa kada ya wuce sulusin albashi. Misali, mai albashin Naira 150,000, sulusinsa 50,000 ne. In kuwa yana biyan 20,000 na wani bashi, banki zai lissafa wannan, rancen da zai samu ya ragu.

Ban da albashi, banki na duban filin. Bisa dokar filaye ta 1978, ba a jinginar da fili mai takardar shaida ta Gwamna sai da yardar Gwamna. Filin gado da ba shi da takarda, tilas a fara nema masa ita. A kan aiko mai ƙiyasi ya ga wurin, gidan da ke kan hanyar ruwa kuwa darajarsa ta kan faɗi. Waɗanda ke gudun kuɗin ruwa suna iya zuwa bankunan da ba sa karɓa, irin su Jaiz wanda ya fara aiki a 2012, amma su sani su ma wannan rijistar su ke dubawa.

ABIN DA MAI NEMA ZAI YI

Da fari ya nemi rahoton kansa kafin banki ya nema. Doka ta ba kowa ikon karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Ya karanta a tsanake. In ya ga bashin da ya riga ya biya, ko wanda ba nasa ba, yana da ikon kai ƙara a rubuce don a gyara.

Sa'an nan ya biya ariya, watau kuɗin da lokacinsu ya wuce. In ba shi da hali, ya tafi bankin da ƙafarsa ya roƙi a sāke tsara masa biya daidai ƙarfinsa, a rubuta yarjejeniyar. In ya gama, ya karɓi takardar shaidar ba a bin sa kome, ya kuma tabbata an aika da labarin ga kamfanonin rijista. Ɓuya ba ta da amfani, gama tun watan Agusta na 2020 bankuna na da ikon cire kuɗin bashin da aka ƙi biya daga ajiyar mutum da ke wani banki dabam, in ya sa hannu a kan haka ran da ya karɓi rancen.

Bayan wannan sai haƙuri. Watannin baya-bayan nan su banki ya fi dubawa. Mutum ya jera watanni yana biya a kan kari, kada ya ci sabon bashi don ya biya tsoho, kada kuma ya bi bankuna yana ta cika takardun nema, gama kowace tambaya tana iya bayyana a rahotonsa. Ya tara abin da zai fara ajiyewa, ya nemi gida daidai aljihunsa. Ran da zai nema ya faɗi fashin da bakinsa, da dalilinsa, da shaidarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

AIKIN HAKIMAI DA MALAMAI

Ana roƙon Hakimai, duk shekarar da ruwa ya yi ɓarna, su sa dagatai da masu unguwa su rubuta sunan kowane mai gona, da wurinta, da girmanta, da ranar da ruwa ya ci ta, malamai su ajiye littafin da kyau. Takardar Hakimi ba ta goge kome daga rijista, ba ta kuma tilasta wa banki. Amma tana nuna wa mai dubawa cewa masifa ce ta sami mutumin, ba rashin amana ba. Don haka kada a rubuta wa kowa shaidar abin da ba a gani ba, ko ɗan'uwa ne. Takardar ƙarya guda ɗaya ta isa ta zubar da darajar dukan takardun gunduma.

A kuma yi shela a kasuwanni da masallatai: wanda ya ga ba zai iya biya ba, ya sanar da banki tun kafin ranar ta zo. Mai cin bashin noma ya tambayi inshorar amfanin gona, akwai hukumar Gwamnatin Tarayya mai wannan aiki tun 1987. Wanda ya zo ya ce a ba shi kuɗi ya goge suna daga rijista, mazambaci ne. A ƙarshe a tuna wa jama'a jingina ba wasa ba ce, wanda ya kāsa biya ana iya sayar da gidan, iyali su rasa matsuguni. Gara a jinkirta shekara guda a shiga da ƙarfi, da a yi gaggawa a fita da kuka.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyashe mu da ɓarnar ruwa, ya ba mu ikon sauke nauyin da muka ɗauka, amin.