Mu da Agogo: Jawabin 'Yan Ajin Yaƙi da Jahilci



Mu 'yan kasuwa ne, lissafin kuɗi ba ya ba mu wuya. Amma da Malama ta ɗaga agogon bango a aji ta ce mu faɗi lokaci, wallahi sai kallon-kallo. Mun tashi muna auna yini da hantsi, azahar da la'asar. Da waya ta zo, muka ɗauka mun huta, tunda lambobi ne a fili.

Ashe da sauran rina a kaba. Wata 'yar'uwarmu direba ya turo mata saƙo cewa motar kaya za ta tashi 16:00. Ta ga shida, ta je tasha ƙarfe shida. Mota kuwa tun ƙarfe huɗu ta tafi, tumatirinta ya kwana a tasha, rabi ya lalace.

Ga abin da muka koya. Idan lambar farko a waya ko rasit ɗin POS ta wuce 12, a cire 12. Ke nan 14:30 biyu da rabi ne na rana, 20:00 takwas na dare.

Agogo mai hannu kuma, gajeren hannu shi ne awa, dogon shi ne minti. Kowace lamba minti biyar ce, kamar yadda muke ƙirga kuɗi biyar-biyar. Inda muka fi tuntuɓe shi ne idan gajeren ya kusa takwas, dogon yana kan goma. Sai mu ce takwas ta wuce, alhali takwas saura minti goma ne. Gajeren bai isa ba tukuna.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan likita ya ce a ba yaro magani duk awa takwas, yanzu mun san shida na safe, biyu na rana, goma na dare. Abin mamaki, wasu 'ya'yanmu masu boko su ma hannun agogo yana rikita su, sai ga mu muna koya musu.

Roƙonmu biyu ne. Ƙungiya ta saya wa ajinmu agogon bango mai manyan lambobi. Wadda kuma kunya ta hana ta zuwa aji, 'yar'uwa ki zo, dukkanmu haka muka fara.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a kasuwarmu.