Adireshin da Go ke ba C aro

Yau da masu rubuta manhaja muke.

Harshen Go yana da mai shara, mai kwashe bayanan da aka daina amfani da su. Amma ba ya leƙa cikin harshen C.

Ga matsalar in manhajar Go ta kira aikin da aka rubuta da C. Go ya ba C adireshin bayanai, C ya adana. Mai shara bai sani ba, ya kwashe. C ya dawo, manhaja ta faɗi, ko ta ɓata bayanai shiru, wanda ya fi muni.

Tun 2016 ƙa'idar Go ita ce: C ya yi aiki da adireshin, kada ya riƙe bayan ya gama. Kada ya riƙe! Yanzu in ya zama dole, a kafe bayanan da kayan aikin Go mai suna Pinner, don kada mai shara ya kwashe su.