Lambar da ke Jikin Murfi da Ƙarfin da ke Isa ga Farfela: Yadda Ya Kamata a Kwatanta Manyan Injunan Jiragen Ruwa



Duk wanda ya tsaya a bayan jirgin ruwa mai gudu, abin da idonsa zai fara kamawa shi ne lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin murfin inji: 250, 300, 450. Da wannan lamba ake ciniki, ita ake sawa a takardar kwangila, a kanta kuma ake gardama a bakin ruwa. Abin da takardata za ta nuna shi ne, lambar nan tana faɗin rukunin da kamfani ya ajiye injinsa ne kawai, kuma injuna biyu masu lamba ɗaya na iya bambanta ƙwarai ba tare da kowa ya karya ƙa'ida ba. Zan tsaya a kan manyan injunan da ake ratayawa a bayan jirgi, waɗanda kasuwarsu ta fi ci a Amurka, inda Mercury na can da Yamaha, Suzuki da Honda na Japan ke fafatawa.

Ma'aunin kansa guda biyu ne. Ƙarfin doki na lissafin Ingila da Amurka, wanda ya samo asali daga James Watt, wat 745.7 ne; na lissafin sauran Turai da Japan kuwa wat 735.5 ne. A injin da aka rubuta wa 450, wannan saɓani ya kai kusan doki shida. Saboda haka mai kwatanta injuna ya fara neman adadin kilowat a takardar inji.

Sai kuma wurin da ake awon. Kafin tsakiyar shekarun 1980, a kan kiranshaf ake auna ƙarfin waɗannan injuna, wato kafin ƙarfin ya bi ta dogon sanda da giya ya sauka ƙasa, inda wani kaso nasa ke salwanta. Ƙa'idar ICOMIA mai lamba 28/83, wadda ƙungiyar masana'antun jiragen ruwa ta duniya ta fitar, ta mayar da awon kan sandan farfela, kuma ƙa'idar ISO 8665 ta bi wannan hanya. Don haka tsohon inji mai lamba 200 na ƙarshen shekarun 1970 bai kai sabon mai lamba 200 ba, ko da ranar da ya fito daga kwali ne.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne sassaucin da ƙa'idar ta bayar. A al'adar wannan masana'anta, an yarda ƙarfin inji ya kauce wa lambar da aka ayyana da kashi 10 cikin ɗari, sama ko ƙasa. Mu yi lissafin a fili. Inji mai lamba 250 na iya ba da 225, yana kuma iya ba da 275. Mai lamba 300 na iya tsayawa a 270. Ke nan ƙaramin da aka ja zuwa ƙarshen iyakarsa zai iya kamo babban da ke ƙasan tasa. An yi sassaucin ne saboda bambancin da ba a rasawa wurin ƙira, amma da kwamfuta ta karɓi ragamar mai da wuta a cikin inji, sai kamfanoni suka iya saita ƙarfin inda suke so. Abin da aka bari don uzuri ya zama kayan kasuwa.

Gasar kamun kifi ta Amurka ce ta fi fito da wannan. Shekaru da yawa manyan gasannin kifin bas sun ƙayyade cewa inji kada ya wuce lamba 250, kuma wanda ya riga isa wurin kifi ya samu galaba. Sai ga Evinrude da injunansa masu alamar H.O., Mercury da Pro XS, Yamaha da V MAX SHO, kowanne yana tallar cewa nasa ya fi sauran masu lambarsa kuzari. Ban ɗauki wannan a matsayin zamba ba, tunda ƙa'ida ta halatta. Abin da ke damuna shi ne, mai saye ba ya ganin takardar awon, sai tallar. Evinrude ma, sunan da ya faro daga injin Ole Evinrude na 1909 a Milwaukee, kamfanin BRP ya daina ƙera shi a 2020, amma gardamar da ya bari tana nan.

Ko da lambar daidai take ɗari bisa ɗari, abu ɗaya tak take faɗa: ƙarfin inji a can saman juyinsa, lokacin da aka buɗe masa mai gaba ɗaya. Ƙarfin doki kuwa haɗin abu biyu ne, ƙarfin murɗawa da yawan juyi a minti. Ƙaramin inji mai saurin juyi da babban inji mai nauyin murɗawa za su iya haɗuwa a lamba ɗaya. Yamaha F200 mai silinda huɗu lita 2.8 ne. Mercury Pro XS 200 mai silinda takwas lita 4.6 ne. Duka biyun 200 aka rubuta musu. Amma a ɗora wa jirgi kaya da mutane, a ce ya tashi daga tsaye ya hau kan ruwa, nan za a ga babban cikin inji ya yi aikinsa, domin a tsakiyar juyi ake wannan kokawa, kuma lambar murfi ba ta ce komai a kan tsakiyar juyi ba. Shi wannan gangar jikin na lita 4.6 Mercury na sayar da shi daga 200 zuwa 300, kamar yadda Yamaha ke sayar da nasa mai lita 4.2 a 225, 250 da 300. Galibin bambancin yana cikin saitin kwamfuta.

A can ƙololuwar kasuwa kwatancen ya fi ban sha'awa, saboda kowane kamfani da hanyar da ya bi. A 2018 Yamaha ya fito da XTO mai lamba 425, silinda takwas, lita 5.6, yana shan iska da kansa, daga baya aka ɗaga shi zuwa 450 a 2023. Nauyinsa ya haura kilo 430. A 2019 sashen tsere na Mercury ya amsa da 450R, wanda lita 4.6 ne amma an ɗora masa na'urar cusa iska, nauyinsa kuma kilo 313. Tazarar ta kai kusan kilo 120 a kowane inji, kuma jirgin da ya rataya huɗu ya ɗauki ƙarin kusan rabin tan a bayansa. Wannan ba ya nufin XTO ya gaza. An gina shi ne don ya juya babbar farfela ya tura jirgi mai nauyi a teku, shi kuwa 450R an gina shi don gudu. Suzuki ya bi ta wata kusurwa a 2017 da DF350A, mai silinda shida, lita 4.4, da farfela biyu masu juyawa saɓanin juna domin su kama ruwa sosai. A 2021 Mercury ya kawo Verado 600, silinda 12, lita 7.6, kilo 572, da giya mai hawa biyu. Kafin wannan akwai Seven Marine mai lamba 627, wanda aka gina a kan injin motar General Motors, Volvo Penta ya sayi rinjayen kamfanin a 2017, bayan 'yan shekaru ya dakatar da shi.

Yanzu sai yanayi, wanda a ganina shi ya fi shafar mu a wannan yanki. Ana gyara sakamakon awo zuwa yanayi guda da aka amince da shi, zafin digiri 25 da matsin iska irin na kusa da gaɓar teku. Iska mai zafi ba ta da kauri, laima kuma tana cinye gurbin iskar da mai ke buƙata don ya ƙone. Littattafan gyara na Mercury sun daɗe suna gargaɗin cewa zafi da laima da ƙarancin matsin iska, in sun haɗu, suna iya cin kashi 14 cikin ɗari na ƙarfin inji. Tudu ma haka: injin da ke shan iska da kansa yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a kowace mita 300 ta hawa. Mai na'urar cusa iska ya fi jure wannan, shi ya sa injuna biyu da suka yi kunnen doki a ɗakin awo za su iya rabuwa a ranar zafi. A 500R na Mercury na 2023 har na'urar jin laima aka sa domin kwamfuta ta daidaita lokacin ba da wuta. Hukumar da za ta sayi irin waɗannan injuna don sintiri a Kogin Kwara ko Tafkin Chadi, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ta san cewa da wuya ta ga cikakken ƙarfin injin a ruwanta. Ga kuma batun mai. An ƙayyade wa 450R fetur mai oktan 89 a lissafin Amurka, wato 95 a lissafin Turai. Idan aka zuba wanda bai kai ba, na'urar jin ƙwanƙwasa za ta ja wuta baya don kare fistan, ƙarfi ya ragu, direba bai ga wata alama ba.

To, da me za a gane gaskiya? Mutane da yawa suna dogara da gudu, alhali gudu shaida ce mai rauni. Lissafin George Crouch, maginin jiragen tsere na Amurka, ya nuna cewa a jirgi mai gudu a saman ruwa, ƙarin ƙarfi kashi 10 cikin ɗari ba ya ba da ƙarin gudu sama da kusan kashi 5. Jirgin da ke yin kilomita 100 a sa'a zai koma 105. Wannan 'yar tazara, canjin farfela kaɗai na iya kawo ta ko ya shafe ta, tunda inci ɗaya na karkatar fikafikanta yana canza juyin inji da 150 zuwa 200 a minti. Dattin ƙasan jirgi, tsayin da aka rataya injin, da yawan man da ke tanki duk suna shiga ciki. Rahotannin gwaji da kamfanoni ke bugawa suna da amfani, sai dai kowanne da jirginsa da ranarsa.

Akwai bayanan da hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ke fitarwa, inda kamfanoni ke rubuta ƙarfin injunansu da kilowat lokacin neman takardar hayaƙi. A karanta su da hankali, domin rukuni-rukuni ake yi wa rajista, kuma adadin da aka rubuta na iya zama na babban cikinsu.

Hujjar da ba a musu da ita ita ce ta dainamomita: a cire farfela, a ɗaura na'urar a kan sandanta, a ɗauki ƙarfin murɗawa daga ƙaramin juyi har zuwa ƙarshe, da mai iri ɗaya, a rubuta zafi da laima da matsin iskar wurin. Ina kira ga duk hukuma ko ɗan kasuwar da zai zuba kuɗi masu yawa a waɗannan injuna da ya sa wannan jadawalin awo cikin sharuɗɗan kwangila, tare da nauyin inji da irin man da yake buƙata. Inda dainamomita ba ta samu ba, a yi gwajin a jirgi ɗaya, rana ɗaya, da kaya iri ɗaya, a zaɓar wa kowane inji farfelar da za ta kai shi saman juyin da kamfaninsa ya ƙayyade. A auna daƙiƙun da jirgi ya ɗauka kafin ya hau kan ruwa da litar da inji ke sha a sa'a, a yi tafiyar zuwa da dawowa domin a soke tasirin iska da igiyar ruwa.