Ƙiba, Abincin Leda da Rubutun da Ba a Karantawa



Wataƙila wani zai ce me ya haɗa malamin Hausa da zancen ƙiba. To, a yi mini haƙuri, a ƙarshe za a ga cewa maganar ta harshe ce.

Mutumin da zan kafa hujja da aikinsa shi ne Shaihun Malami Carlos Monteiro, likita a Jami'ar Sao Paulo ta ƙasar Birazil. Da yara masu tamowa ya fara aiki. Daga baya sai ya lura da wani abin ɗaure kai: magidanta a ƙasarsu sun rage sayen sukari da man girki, amma ƙiba sai ƙaruwa take yi. Ashe sukarin da man ba su bar gidajen ba, sun sake shigowa ne a ɓoye cikin biskit da lemon kwalba. Saboda haka a 2009 ya ce a dubi irin sarrafawar da abinci ya sha kafin ya iso baki, ba sinadaran da ke cikinsa kaɗai ba.

Shi da abokan aikinsa suka kasa abinci gida huɗu, a tsarin da ake kira NOVA. In muka auna shi da kayan kasuwar Birnin Kudu ko ta Sara a ƙasar Gwaram, gero da dawa da nono suna gida na farko. Man gyaɗa da gishiri suna na biyu, kilishi kuwa, a ganina, na uku. Gida na huɗu shi ne abin da masana'anta ta harhaɗa da launi da ƙamshi na aro, watau lemon kwalba, da taliyar leda mai dahuwa nan take, da dunƙulen da ke neman ture daddawa daga tukunya.

An soki wannan rabo, an ce iyakokinsa ba su fita sosai ba, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai a 2019 Kevin Hall ya jarraba abin a Amurka da mutum 20. Mako biyu suna cin abincin gida na huɗu, mako biyu suna cin wanda ba a sarrafa ba, kowa ya ci iyakar cikinsa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa ƙara cin kimanin kalori 500 kullum, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo 1.

Na san za a ce ai yunwa ce damuwarmu. Gaskiya ne, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin ƙananan yaran Jihar Jigawa sun tsumbure. Amma daga nan Birazil ma ta taso. Ga shi kuma Bahaushe bai ɗauki ƙiba cuta ba. Ma'aikaci in ya ajiye tumbi sai mu ce ya samu hutu, amarya in ta yi jiki mu yaba wa miji. Ba a tuna ciwon sukari da hawan jini sai an kai mutum asibiti.

Yanzu ga inda harshe ya shigo. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta wajabta a rubuta abin da ke cikin kowane ƙunshin abinci, amma da Turanci. Uwargida a Gwaram, wadda ta iya karatun allo da ajami, me wannan sirirın rubutu zai gaya mata? Ƙasar Cile ta bi wata hanya tun 2016: baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban leda, mai cewa sukari ko gishiri ko kitse ya yi yawa, har yaro ma ya gane shi. Mu ma muna da irinsa, alamar ido da ake bugawa a buhun fulawa da sukari da galan ɗin mai don nuna an ƙara bitamin A. Sai dai ita yabo take yi, ba gargaɗi ba.

Aikin da ya rage wa sashenmu ƙarami ne amma ba mai sauƙi ba. Na gwada fassara sunan gida na huɗu da "abincin da ya sha sarrafa". Ɗalibaina suka ce ai fura ma ta sha surfe da daka da dama. Suka kawo "abincin leda", kuma shi na ara na sa a kan wannan lacca, ko da yake a leda ake ƙulla zoɓo.