Amsoshin Wasiƙunku: Kalmar "Must" Fuska Biyu Gare Ta

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗalibi a Funtuwa mai shirin zana jarrabawar WAEC. Yana cewa an koya musu a makaranta cewa "must" tana nufin wajibi, sai ga shi ya ci karo da jimlar "You must be tired". Shi ne yake tambaya, shin ana tilasta wa mutum ya gaji ne?

To, malam, mun gode da wannan tambaya. Amsa ita ce a'a. Kalmar "must" aiki biyu take yi. Na farko umarni, kamar "You must pay today", wato wajibi ne ka biya yau. Na biyu kuwa zato mai ƙarfi, inda ba ka gani da idonka ba, amma alamu sun nuna maka. Mu ma ai haka muke yi da kalmar "dole". In baƙo ya sauka daga motar Legas a Kano, bayan tafiyar kusan kilomita 1,000, sai ka ce masa, ai dole ka gaji. Ba umarni ka ba shi ba. To wannan ita ce "You must be tired".

Yaya za ka bambance su? Dubi abin da ya biyo baya. In hali ne da ba a iya umartar mutum da shi, kamar yunwa ko gajiya, to zato ne: "The baby must be hungry", lalle jaririn yana jin yunwa. In kuwa aiki ne, sai ka lura da sigarsa. "She must cook" na nufin wajibi ne ta yi girki. Amma in ka hangi hayaƙi yana tashi daga madafa, sai ka ce "She must be cooking", ba shakka girki take yi yanzu.

Ga inda ɗalibai suka fi zubar da maki, wato wajen korewa. A ce wani ya ci tuwo malmala uku, can kuma aka ce wai yunwa yake ji. Abin da za ka ce shi ne "He can't be hungry", ba ta yiwuwa. Kada ka ce "mustn't", domin ita hani ce: "You mustn't smoke here", an hana shan taba a nan. Gaskiya ne a Amurka za ka ji ana cewa "He must not be home" da ma'anar da alama ba ya gida, amma a jarrabawa riƙe "can't" ya fi maka kwanciyar hankali.

Akwai kuma "will". In ka san yayanka kullum ƙarfe 4 yake dawowa, aka buga ƙofa daidai lokacin, kana iya cewa "That will be my brother". Ba maganar gaba kake yi ba, sabo ne ya ba ka tabbaci. In kuwa zaton naka mai rauni ne, sai ka koma ga "may" ko "might", wato wataƙila.

Kada ka manta, ba a sa "to" bayan "must", ba a kuma liƙa mata "s". "He must be ill" ake cewa.

Ga aikin gida ga kowa da kowa. Ku mayar da waɗannan zuwa Turanci: "Lalle Malam yana masallaci" da "Ba ta yiwuwa a ce wannan zinariya ce". Ku aiko da amsoshinku, za mu duba su a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Kai kuma ɗalibinmu na Funtuwa, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. A huta lafiya.