Idan Mai Bincike Ya Yi Shakkar Wanda Ya Kama: Nazari a Kan Labaran Binciken Laifi



Yawancin labaran binciken laifi suna ƙarewa ne a lokacin da aka sa wa mutum ankwa. Takardar nan tana magana a kan waɗanda suke farawa daga nan, wato labaran da hujja ta cika, kotu ta gamsu, jama'a sun huta, amma zuciyar jami'in da ya yi kamun ta ƙi kwanciya. Ra'ayina shi ne wannan reshe ya fi sauran daraja, domin a cikinsa abin da mai bincike yake tuhuma aikin hannunsa ne.

Mu fara da Ingila. A 1952 Agatha Christie ta fitar da Mrs McGinty's Dead. An kashe wata tsohuwa mai aikatau a ƙauyen Broadhinny, an ɗauke fam 30 da ta ɓoye a ƙarƙashin daɓen ɗakinta. Ɗan hayarta, James Bentley, ba shi da aiki, ya san inda kuɗin suke, ga jini a hannun rigarsa. Aka yanke masa hukuncin rataya. Wanda ya je wurin mai bincike Hercule Poirot neman a sake bincike shi ne Spence, babban ɗan sandan da ya tattara hujjojin da kansa. Ba shi da sabuwar shaida ko ɗaya. Abin da yake da shi kawai shekarun da ya yi yana kallon masu kisa, kuma bai ga girman kai irin nasu a tare da Bentley ba.

A lura da dabarar marubuciyar. Ba ta sa Bentley ya zama abin so ba. Mutum ne marar kuzari, ko kare kansa ba ya iyawa, har Poirot ma yana gundura da shi. Da ta yi shi kyakkyawa mai daɗin baki, da tausayi ne zai ja mai karatu. Sai ta bar mu da tambaya mai wuya: wanda ba ya burge kowa, shi ma yana da haƙƙin a yi masa adalci? Abin da ya kuɓutar da shi kuwa ƙanana ne: kwalbar tawada da tsohuwar ta saya alhali ba ta saba rubuta wasiƙa ba, da wani shafin jarida da aka yanke.

Kafin ita, a 1931, Georges Simenon ya kai abin nesa a La Tête d'un homme, inda jami'i Maigret ya shirya wa wanda ya kama, Joseph Heurtin, hanyar tserewa daga kurkukun Santé a birnin Paris, ya jefa aikinsa cikin haɗari, don ya ga wanda zai motsa.

Wanda ya fi damuna shi ne Das Versprechen na Friedrich Dürrenmatt, ɗan ƙasar Suwizalan, littafin da ya fito a 1958. An kashe ƙaramar yarinya, Gritli Moser, a daji. Ɗan kolin da ya ga gawar ya kai rahoto, von Gunten, shi aka kama, domin yana da tsohon laifi kuma mutanen ƙauye sun riga sun yanke masa hukunci a ransu. Bayan awa 20 ana masa tambayoyi ya amsa laifi, sannan ya rataye kansa a ɗakin tsaro. Aka rufe fayil. Jami'i Matthäi, wanda yake shirin tafiya aiki ƙasar Jodan, ya fasa tafiya saboda alkawarin da ya yi wa uwar yarinyar. Ya bi wani zane da marigayiyar ta yi, ya karɓi gidan mai a bakin hanyar da yake zaton makashin yana bi, har ya sa wata yarinya ta zama tarko, abin da ba zan taɓa wanke shi a kansa ba. Lissafinsa daidai ne. Amma makashin ya mutu a haɗarin mota a kan hanyarsa ta zuwa, Matthäi bai sani ba, ya ƙare cikin giya da gushewar hankali yana jira. A nan shakka ba ta ceci kowa ba, domin ta zo bayan ɗan kolin ya mutu.

Kada a ce wannan ƙagen marubuta ne kawai. A watan Maris na 1950 Ingila ta rataye Timothy Evans bisa kisan 'yarsa, kuma akwai takardar amsa laifi da ya sa wa hannu. A 1953 aka gano gawarwaki a gidan da ya taɓa haya, aka tabbatar maƙwabcinsa John Christie, wanda ya ba da shaida a kansa a kotu, makashi ne. Sai a 1966 aka yi wa Evans afuwa, shekara 16 bayan an binne shi. Littafin Agatha Christie ya fito ne a tsakanin ratayar da tonuwar asirin.

Wannan batu ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe suna koyar da cewa shubuha tana kawar da haddi, kuma Najeriya ta yi dokar hana azabtarwa a 2017 saboda an san yadda ake samo wasu iƙirarai. Duk da haka, a yawancin labaranmu da finafinanmu, da zarar wanda ake tuhuma ya ce shi ne, magana ta ƙare.

Kirana ga marubutanmu shi ne su ba mu ɗan sandan da zai koma ya buɗe fayil ɗin da shi da kansa ya rufe, su nuna mana abin da hakan zai jawo masa wurin shugabanninsa da wurin dangin mamaci, kuma su sa shi ya yi hakan tun wanda aka kama yana da rai.