Almajiri Ba Ya Zaɓen Darasi

(Jawabin da wani ɗan ajin 1978 ya gabatar a taron shekara na ƙungiyarmu a Yelwa)

 Kwamiti ya ce in yi magana a kan ma'anar zama almajirin Yesu Almasihu, kuma an ba ni minti 10. Waɗanda muka zauna aji ɗaya sun san ban taɓa gama komai a kan lokaci ba, har jarrabawa, don haka a yi mini haƙuri.

Bari in fara da kalmar kanta. Masu juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932, da suka zo kan mabiyan Yesu sai suka kira su almajirai. Malaminmu na Larabci, Allah ya jiƙansa, ya taɓa gaya mana cewa asalin kalmar shi ne wanda ya yi hijira. Ɗan makaranta irinmu in an yi hutu gidan ubansa yake komawa. Almajiri kuwa ya bar gida ke nan, inda malam ya kwana nan zai kwana, aikin da malam ya sa shi shi zai yi. Bitrus da Andarawus da Yakubu da Yohanna masunta ne a Tekun Galili, a bakin aiki aka kira su, suka bar taru suka bi. Mu mutanen bakin ruwa mun san taru shi ne tuwon yara.

Barin gida kam ba sai an yi mini tafsirinsa ba. Ni Bagunge ne. Ina da shekara 9 a 1968 lokacin da aka datse Kwara a Kainji, ruwa ya hau ya cinye gungunmu, gwamnati ta kwashe mu zuwa sabon gari mai gidajen bulo. Mahaifina, wanda ya karɓi bishara ta hannun 'yan mishan na UMS, waɗanda cocinsu ya zama UMCA, ya sami 'yar fadama a bakin tafki yana noman albasa. Da kuɗin albasar nan aka saya mini akwatin ƙarfen da na zo da shi makaranta, wanda wasunku suka mai da shi kujera.

Da tsoho ya rasu a 2010, sai ɗan baffana ya ce fadamar tasu ce tun asali. Muka je gaban manya, ba ni da takarda, ba ni da shaida, aka ba shi. Daga ranar na yanke gaisuwa da shi. Shekara 11, jama'a! Kuma duk cikin shekarun nan ni dattijon ikilisiya ne, ina koyarwa a makarantar Lahadi. Akwai wurin da Yesu ya umarci mai kawo baiko ya ajiye shi tukuna, ya je ya shirya da ɗan'uwansa. In darasi ya kawo mu wurin, sai in bai wa wani malami ajin, in ce maƙogwaro na damuna. Na bar giya, na bar tsafin kakanni, ban ji ciwo ba. Amma fadamar da ba ta kai filin ƙwallon makarantarmu ba ta gagare ni bari.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski. Babban ɗan mutumin nan yana ciki. Da labari ya iso na ce Allah ya jiƙansa, na ci gaba da zamana. Uwargida ba ta ce uffan ba, hulata kawai ta ɗauko ta sa mini a hannu.

Na tarar da shi zaune a bakin ruwa, ya tsufa har da ƙyar na gane shi. Masunta suna shiga da kwale-kwale suna fitowa da gawarwaki, ba mai tambayar wannan na masallaci ne ko na coci. Na zauna kusa da shi. Ni da ake kira mai baki tun muna aji biyu, na nemi abin faɗa na rasa. Kwana 3 muka yi a nan kafin a sami yaron. Ni na kama ta wajen ƙafafu muka fito da shi. Su Musulmi ne, don haka na ja gefe aka yi masa salla, sannan na bi su maƙabarta na zuba ƙasa.

Maganar fadama ba ta taɓa tashi tsakaninmu ba, har yau shi ke noma ta. Sai dai duk kakar albasa yakan aiko mini da buhu guda. Ba zan ɓoye muku ba, in aka sauke buhun nan a ƙofar gida, zuciyata takan ce, ai albasarka ce ake yi maka kyauta da ita. Sai na yi addu'a kafin in iya ɗaukar waya in ce masa na gode.

Na ga shugaba yana duban agogo. Malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya, ya kai kowa gida lafiya.